Injiniya Abduljabbar da Motoci Masu Rikiɗa

A duk faɗin Gumel babu wanda ya naɗa Abduljabbar injiniya. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya buɗe cikin fankar ofishinsu da cokali, ta yi juyi uku ta yi shiru har yau. Aikinsa na gaskiya jera fayil ne a wani ofishin gwamnati, amma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a teburin mai shayi, sai ya tashi da labarin cewa Turawa sun taɓa nemansa, mahaifiyarsa ce ta hana. Yana kuma da shafi a TikTok mai suna "Injiniya Ya Duba", inda yake sharhin kaya irin su tocila da reza da kwaɗon ƙofa. Mabiyansa goma sha ɗaya ne, huɗu daga ciki shi ne da kansa da wasu sunaye.

Wata Talata da la'asar sai ga Ilu, yayan matarsa Lauratu, ya tsayar da babur a ƙofar gida da ƙaton kwali ɗaure a baya. Ilu manomi ne a Gagarawa Tasha, yana kuma da 'yar rumfa a kasuwar Maigatari. Bana riɗinsa ya yi kyau, sai wani dillali mai zaƙin baki a Kano ya shawo kansa, ya juye amfanin gonar nan kakaf a kayan wasan yara 'yan China: motocin roba waɗanda in an murɗa nan an lanƙwasa can, sai su miƙe tsaye su zama mutum-mutumi mai hannu da ƙafa da bindiga.

Ilu ya zauna a tabarma ya cire hula ya ce, "Kasuwa uku ke nan ina baje su. Duk wanda ya zo sai ya ce in rikiɗa masa ya gani. Ni kuwa da na taɓa ɗaya na ji ta yi ƙas, sai na mayar na rufe. To jibi Alhamis akwai wani Alhaji Yazid daga Damagaram, ya ce in dai ya ga suna rikiɗa da idonsa, zai kwashe su duka. In bai kwashe ba, Lauratu, bana sai dai 'ya'yana su ci roba."

Abduljabbar ya yi irin dariyar da manya ke yi in ƙaramin yaro ya kawo musu lissafi.

"Yaya Ilu, laifinka ɗaya ne. Allah Ya ba ka injiniya a cikin dangi, ka tafi kana shawara da masu sayar da albasa. Ranar Alhamis ni zan tsaya a gaban rumfarka, in yi sharhinsu ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye, duniya na kallo. Wannan Alhajin naka sai ya yi layi. Kafin azahar za a kira daga Dubai. Kafin la'asar masu kamfanin da kansu za su nemi lambata."

Lauratu tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban Hadiyya, in sun kira ka tambaye su ko suna gyaran ƙofar banɗaki. Tamu da ka ɓalle tun azumi har yanzu da tabarma muke karewa."

"Ke abin da ya shafi ƙere-ƙere ba huruminki ba ne."

Ilu ya zaro wata takarda daga kwalin, duk zane-zane da rubutun Sinanci. "Ga wannan ma a ciki take zuwa."

Abduljabbar ya karɓa, ya ɗaga sama, yana gyaɗa kai kamar mai karanta wasiƙar tsohon aboki.

"Ka kifa ta," in ji Lauratu.

"Haka Sinanci yake, daga ƙasa ake karanto shi. Kuma wannan ta 'yan koyo ce." Ya ninke ta ya tokare ƙafar tebur da ita.

Washegari ya ɗauki hutu a ofis don ya yi gwaji. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya jera filaya, da sukundireba, da wuƙar yanka albasa, da guduma.

"Guduma kuma?" in ji Lauratu.

"Don ko-ta-kwana."

Ya zaɓi wani koren babur daga cikin kwalin. Ya murɗa, ya ja, ya tura, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya ɗan taɓa shi da gudumar ko-ta-kwana. Bayan awa guda abin da ke gabansa ba babur ba ne, ba kuma mutum ba: ƙafa biyar, taya a wuya, da wani abu mai tsini ya lanƙwaso ta sama. Daidai nan Mairo maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga neman aron rariya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Malam, a ina kuka kashe wannan kunamar?"

"Ba kunama ba ce. Siffa ce ta uku. Su kansu masu kamfanin ba su san da ita ba, ni na gano ta."

Lauratu ta miƙo masa tasa cike da 'yan guntayen roba da ta tsinto a tsakar gida. "Waɗannan fa, siffa ta nawa ce?"

"Ƙari ne. Duk injin kirki da ƙari yake zuwa."

Mairo ta manta da rariya. Kafin magariba duk layin sun san za a yi kallo a Maigatari.

Ranar Alhamis da hantsi Abduljabbar ya sauka daga mota a bakin kasuwa sanye da farar rigar likita da ya aro a wani kemis, da hular kwano, da baƙin tabarau, ga lasifika rataye a kafaɗa. Kafin ya kai rumfar Ilu mutum uku sun tare shi ya duba musu akuya.

Aka fito da tebur gaban rumfa, aka jingine kwalin a jikinsa. Ilu ya riƙe waya da hannu biyu kamar mai riƙe da ƙwai. Alhaji Yazid, wani dogon dattijo mai rawani, ya zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A dama akwai rumfar Cindo wanzami, a hagu Zinariya mai fura ta ajiye ƙwaryarta. Jama'a suka fara taruwa, don a kasuwa ko kare ya sa hular kwano sai an tsaya an gani.

Abduljabbar ya kafa lasifika a baki. "Jama'ar Maigatari, da masu kallonmu a ƙasashen waje!"

"Mutum uku ne suke kallo," in ji Ilu. "Ɗaya Lauratu ce."

"Za su ƙaru. Jama'a, waɗannan da kuke gani ba motoci ba ne. Mayaƙa ne daga wata duniya can bayan taurari, suka sauko suka ɓuya a cikin siffar mota don kada a gane su."

Wani tsoho da ya zo sayen igiya ya ja da baya. "A'uzubillahi. Aljanu ke nan kuke sayar wa yara?"

"Kimiyya ce, Baba."

Alhaji Yazid ya ɗaga hannu, ya ɗan surka da Faransanci irin na mutanen Nijar. "Bon, mushe, labari ya isa. Mu gani."

Abduljabbar ya ɗauki wata jar tirela, ya juya ta a gaban waya. Ya yabi robarta, ya ce irin wadda ake yin jirgin ruwa da ita ce. Ya yabi tayoyinta, ya ce ko hanyar Sule Tankarkar da damina za su bi. Sannan ya ce kowa ya ƙirga zuwa goma. Jama'a suka ƙirga zuwa goma. Suka sake. Wani ya tafi ya sayo rake ya dawo. Ƙafafu dai sun fito, hannu ɗaya ma ya fito, amma kai ya ce ba ya nan. Gumi ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin hular kwano. Can Abduljabbar ya danna wani wuri da ƙarfi, sai ga kan ya ɓullo tsulum, ta baya, daidai mazaunai.

Kasuwa ta ɗauki shewa.

Cindo ya dakata da askin da yake yi wa wani. "Injiniya, shekara talatin ina taɓa kawunan mutane, ban taɓa samun kai a wannan unguwar ba."

"Saboda ba ka karanci tsaro ba. Wannan mai gadi ne, an yi shi ne ya riƙa kallon baya saboda ɓarayi."

"To in zai zauna fa?"

"Soja ba ya zama."

Ilu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam Abdu, don Allah a hankali. Riɗina ne a hannunka."

"Kwantar da hankalinka. Wannan ɗumama hannu ne."

Na biyu farin jirgin sama ne. Abduljabbar ya sanar da duniya cewa shi wannan ko ido rufe zai rikiɗa shi, ya kuma rufe idon. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe lafiya. Ɗayan ya ƙi. Sai ya lalubo filaya ya kama shi ya murɗa. Aka ji ƙarau! Fiffiken ya yi tsalle, ya wuce ta saman rawanin Alhaji Yazid, ya faɗa cikin ƙwaryar Zinariya ya fantsama mata nono har goshi.

"Kun gani?" Abduljabbar ya buɗe ido. "Ya tashi! Wane jirgin wasa kuka taɓa gani ya tashi da kansa?"

Zinariya ta tsamo fiffiken da ludayi, ta miƙe tsaye. "Kai mai rigar asibiti, tun asuba nake dama furar nan. Filin jirgi ka gani a nan?"

"Hajiya, ki yi alfahari. Furarki ta shiga tarihi."

"Tarihi zai shiga kanka in ka kuma. Na rantse da wannan ludayin zan rikiɗa ka."

Alhaji Yazid ya gyara rawaninsa ya duba agogo. Ilu ya duba shi, ya duba surukinsa.

Na uku motar kashe gobara ce, mai batir. Abduljabbar ya ga dama ta samu ta wanke kansa. Ya ce wannan ba sai an taɓa ta ba, maɓalli ɗaya za a danna ta miƙe da kanta. Don kowa ya ji daɗin muryarta kuwa, sai ya kara ta a bakin lasifika, ya danna.

Motar ba ta miƙe ba. Jiniya ta saki.

Wiii-wuuu! Wiii-wuuu! Ƙarar ta fita ta lasifika ta game rabin kasuwa. Wasu masu babura da ke ɗauke da jarkokin fetur a bakin hanya, waɗanda su kaɗai suka san abin da ya sa ba sa son jiniya, suka tayar a tare, kowa ya kama gabansa. Mai rake ya watsar da rake. Wani ƙaton rago da ake ciniki a bayan rumfar Cindo ya fizge igiya, ya duba wa ya fi kama da mai laifi, ya sunkuyar da kai ya taho. Abduljabbar ya daka tsalle gefe. Ragon ya ɗauki tebur da kwali gaba ɗaya ya watsar a tsakiyar hanya, daidai lokacin da amalanken shanu ɗauke da buhunan gero yake wucewa. Aka ji ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar ana taka busasshen kara.

Ilu ya saki salati, amma bai saki waya ba, don an gaya masa in ta faɗi duniya za ta daina gani.

Jiniya kuwa ba ta tsaya ba. Abduljabbar ya danna maɓallin, ta ƙara ƙarfi. Ya girgiza ta, ta sauya murya. Ya cusa ta a aljihun rigar likita, aljihu ya kama kuka. Daga ƙarshe ya ajiye ta a ƙasa ya zauna a kanta, jiniya ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashinsa, a shaƙe.

"Injiniya," in ji Zinariya, "ko a kira maka likita na gaske?"

Cindo ya zo ya ɗaga shi, ya ɗauki motar ya tsoma a bokitin ruwan askinsa. Ta yi gur-gur-gur ta mutu.

"Ka lalata ta!" in ji Abduljabbar.

"Ta kashe gobara ce. Ai ta saba da ruwa."

Alhaji Yazid ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ilu ya sha gabansa. "Alhaji, don girman Allah ka ƙara haƙuri. Kayan lafiyarsu ƙalau, wallahi."

"Kayan na gani. Mutuminka ne ban gane ba."

Abduljabbar ya tsinto wata babbar tankar yaƙi daga cikin ƙasa, ya hure ta, ya ɗaga sama. "Alhaji, zauna! Duk waɗancan yara ne. Ga sarkinsu. In wannan bai tsaya da ƙafafunsa ba, a daina kira na Injiniya."

"Dama wa yake kira?" wani ya faɗa daga baya.

Wannan karon, ko ta wace hanya, ƙafafu suka fito inda ƙafafu suke fitowa, hannuwa ma haka. Jama'a suka yi tsit. Kan ya leƙo rabi daga cikin ƙirji. Abduljabbar ya kalli waya ya ɗaga gira, ya kama kan da yatsu biyu, ya ja da ƙarfin wanda nasara ta riga ta hau masa kai. Kan ya fito gaba ɗaya. Ya rabu da wuyan.

"Wannan ma haka aka tsara shi," ya faɗa da sauri, idonsa na yawo. Sai ya hango wani magidanci, Anas, mai yawo da faranti yana tallar gam da batir da allura. "Kai mai gam! Kawo mafi ƙarfi!"

Anas ya miƙa masa yana cewa, "Ɗigo ɗaya ake sawa, Malam. Ɗaya tak."

"Ɗigo ɗaya na 'yan koyo ne."

Ya matse rabin gam ɗin a ƙasan kan, har yana zuba ta gefe. Sai ya ga yana bukatar hannu biyu, ɗaya ya riƙe tankar, ɗaya ya shafa wa wuyan. Tebur kuwa rago ya tafi da shi. Saboda haka ya yi abin da kowane tela yake yi da allura: ya saƙala kan a tsakanin leɓɓansa.

Ya gama shafe wuyan tsaf. Ya kai hannu zai ciro kan daga baki.

Kan ya ƙi fitowa.

Ya ja. Leɓɓansa suka biyo, da gashin bakinsa. Ya so ya ajiye tankar ya sa hannu biyu, tankar ta ce ita ma tana nan tare da tafin hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar kasuwar Maigatari, hular kwano a ka, tankar yaƙi a hannun dama, ɗan ƙaramin kan soja mai jajayen idanu a manne a baki yana kallon jama'a.

"Mmm," in ji Injiniya. "Mmmm!"

Tun da aka haifi Abduljabbar ba a taɓa jin ya yi minti ɗaya bai yi magana ba. Dariyar da aka yi har masu raƙuma a can ƙarshen kasuwa sun aiko a tambayo lafiya. Zinariya ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen mayafi. Wayoyi suka fito ta ko'ina.

Ilu ya leƙa tasa wayar. "Malam Abdu, yanzu mutum dubu huɗu suke kallo. Lauratu ta rubuto wai kada a yi gaggawar cirewa."

Cindo ya zaunar da shi a kujerar aski, ya aika aka kawo ruwan ɗumi da man gyaɗa, ya wasa aska a tafin hannunsa a hankali, yadda kowa zai gani. "Kada ka motsa, Injiniya. Kuma kada ka ba ni shawara."

Ana cikin haka Alhaji Yazid, da dariya ta mayar da shi kan benci, ya sa hannu ya ɗauki wani kwalin motar da amalanke bai taka ba. Ya juya bayansa, ya ga zane guda shida a jere, da lamba ɗaya zuwa shida. Ya sa tabarau. Ya murɗa nan, ya lanƙwasa can, ƙas, ƙas, ƙas. Kafin Cindo ya gama jiƙa leɓe, ga mutum-mutumi tsaye a kan benci, kai a wuya, bindiga a hannu, kamar zai yi gaisuwa.

"Dakor, na yarda," in ji Alhaji. "Suna rikiɗa. Malam Ilu, a tattaro mini duk wanda rago bai taɓa ba, shanu ba su taka ba, wannan bawan Allah kuma bai yi sharhinsa ba."

Aka tattaro. Ba su kai rabi ba. Ilu ya tsaya yana kallon ragowar, tarin tayoyi da hannuwa da fikafikai a cikin ƙasa, yana tuna watannin da ya yi sunkuye a gonar riɗi. Ya cire hula ya sake mayarwa.

Sai da aka yi kusan awa guda kafin kan sojan ya saki, ya tafi da rabin gashin baki da 'yar fatar leɓe. Tankar ma ta saki bayan ta sha man gyaɗa. Abduljabbar ya motsa muƙamuƙinsa hagu da dama. Jama'a suka matso, kowa na jiran ya ji kalmar farko da za ta fito daga bakin da ya sha irin wannan wuya.

Ya miƙe, ya gyara rigar likita, ya juya wajen waya.

"Jama'a, kamar yadda kuka gani, na sadaukar da jikina don in gwada muku ƙarfin gam. Ba kowane injiniya zai yi haka ba." Ya dafa kafaɗar Ilu. "Yaya Ilu, me na gaya maka? Ga Alhaji ya kwashi kaya, ga duniya ta san rumfarka. Ba sai ka gode mini a gaban mutane ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan biyo ka Gagarawa, in yi sharhin injin ban-ruwan nan naka."

Ilu ya kalle shi sama da ƙasa. Sannan ya juya ya hango mai faranti yana shirin wucewa.

"Malam Anas, tsaya. Gam ɗin nan akwai babba?"

Cindo ya naɗe askarsa ya cusa a zabira. "In ka shafa masa," ya ce, "ni na tashi daga aiki sai wani mako."